Jami'ata a Cikin Rudun Albasa

A gidanmu, can gefen Malbaza, ba a kai kuɗin karatu banki. A rudu ake ajiye su, wato rumbun karan da ake zuba albasa ta jira tsada. Shekarar da zan rubuta jarrabawar bak ta gama sakandare, Baba ya kwashe albasarsa da rani, ya nuna mini rudun ya ce, "Ɗiyata, ga jami'arki nan. Ki kula da ita."

Na kuwa kula. Nakan shiga in juya albasar, in tsince ruɓaɓɓu kafin su ɓata sauran. Wari ya kama jikina har ƙawayena a lakwal suka rantse in na shigo aji malam ma hawaye yake yi. Wata 'yar maƙwabtanmu da ke karatu a Tahoua ta zayyana mini abin da ake kashewa can, tun daga ranar kuma in na jefar da ruɓaɓɓiya sai in ce, "Karin kumallo ya tafi." In babba ce, "Sabulu ya bi shi."

Dabarar Baba ita ce a riƙe albasar har damina ta yi nisa, ta yi tsada daidai lokacin shiga makaranta. Sai dai albasa ba ta san da wannan shiri ba, kullum raguwa take.

Sakamako ya fito, na ci. Ruwa kuma ya sauka babu ƙaƙƙautawa, danshi ya shiga rudun. Sai ga wani dillali daga Birnin Konni ya taya.

Inna ta ce, "Malam, ka sayar mana. Ko wari za mu kai kasuwa?"

Baba ya ce, "Wata guda dai, farashi zai tashi."

Dillalin ya yi dariya. "Alhaji, in an kai wata guda, da shebur zan dawo, ba da buhu ba."

Baba ya juyo gare ni. "Ke ce mai karatun. Mi kika ce?"

Ni da ake roƙo in rufe baki ko a gidan gaisuwa, ranar nan sai na shiga lissafi a zuci. Tayin dillalin zai biya rajista da hayar ɗaki da kuɗin mota, amma ban da abinci, ga shi tallafin gwamnati ba ya zuwa da wuri. In an jira, wataƙila a samu duka, wataƙila in zauna gida bana. Ni ce kuma hannuna ke kaiwa ƙasan rudun, na san yadda ya yi laushi.

Na ce, "Baba, a sayar."

Bayan nan farashi ya tashi, waɗanda suka jira suka ci riba. Baba bai taɓa ɗago maganar ba, wannan shirun nasa kuwa ya fi faɗa damuna. Har yau ban san ko daidai na yi ba. Abin da na sani, sunana yana cikin masu shiga jami'a, ɗaki ma an kama.

Abinci kuwa, Inna ta ware gero da wake da za ta riƙa aika mini a mota. Yanzu girkin mutum ɗaya take koya mini. Jiya na gwada, tukunyar ta ciyar da gidanmu da na maƙwabta, har aka kai wa liman.