Robar Yashin Anti Sherifa

Duk wanda ya san Anti Sherifa a unguwar Longsight ta Manchester ya san jakarta, kuma duk wanda ya taɓa taya ta ɗauka sai ya tambaya ko duwatsu take yawo da su. Yashi ne, cike da tsohuwar robar bota, an naɗe murfin da leda don kada ya zube mata a kan carbi da katin bus.

Sunanta na yanka Sherifatu. A Aboabo aka haife ta, cikin zangon Kumasi, inda mahaifiyarta ta yi suna da koko da ƙosai. Aure ne ya kawo ta Manchester. Mijin direban tasi ne, sun yi shekaru tare har 'yarsu Raki ta shiga sakandare, sai wata shekara ya tafi gida hutu, daga can ya turo mata saki ta saƙon waya, layi biyu, ko gaisuwa babu. Ta yi kukanta a banɗaki, ta wanke fuska, ta tafi aiki. Ba ta ƙara kawo sunansa ba.

Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Da fari ma'aikaciyar council ce, wato ƙaramar hukuma, tana da lokacin zama ta sha shayi da mutum. Da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu, aka rufe wannan, aka rage wancan, aikin ya koma hannun agency, kamfanin 'yan kwangila, ziyara ta koma kwatan awa. A wanke tsohuwa, a canza mata kaya, a ɗumama abinci, a ba ta magani, a kuma yi mata murmushi, wai duk a cikin kwatan awa. Wanda ya tsara wannan, Allah ya ba shi tsawon rai ya tsufa ya gani da idonsa.

Rabin tsofaffin nan suna da karnuka, nan ne yashin ya samo asali. Mahaifiyarta ta koya mata cewa in yawun kare ya taɓa mutum sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. To, a Manchester ina ƙasar? Ta park kuwa, filin shaƙatawar unguwa, ai karnukan sun riga kowa. Sai ta roƙi wasu magina a Stockport Road suka cika mata roba. Nuru, wani ɗalibi ɗan Zariya da ke zaune a Hulme, ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani mai tsawo cewa malamai sun yi saɓani, akwai sauƙi a lamarin. Ta saurare shi tsaf, ta zuba masa ƙarin shinkafa da wake, ta ce malamai su yi ta saɓaninsu, ita uwarta ba ta yi saɓani da kowa ba.

A Old Trafford akwai Mama Celestina, tsohuwa 'yar Jamaika da ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin wankin asibiti. Ita kaɗai ce a gidan sai Biskit, wani guntun kare mai gashi kamar tsohon tsumman goge ƙasa, sai kuma faifan fim guda ɗaya da ta saya ranar da laburaren unguwa ya yi gwanjon kayansa kafin a rufe shi. Kwalin ya ɓace tun tuni, har yau Anti Sherifa ba ta san sunan fim ɗin ba.

Fim ne ƙarami, ba harbi, ba mai kuɗi ko ɗaya a ciki. Wata mata ce da ta fara furfura, mai ciwon gwiwa, take fita da karenta park kullum da safe. Wani mutum mai sanƙo shi ma yana fita da nasa. Igiyoyin karnukan suka harɗe, suka tsaya kwancewa suna ta ba juna haƙuri. Ya tambayi sunan karenta. Sai da aka yi nisa sosai sannan ya tuna bai tambayi nata ba. Akwai wasu masu neman matar, wani mai yawan turare, wani mai atishawa in ya ga gashi, karen duk ya kore su.

Ranar farko Anti Sherifa tsaki ta yi. Manyan mutane da hankalinsu, suna kwashe kashin kare da leda, wai soyayya. Amma tana guga tana satar kallo, tana yanka burodi tana satar kallo. Abin da ya kama ta shi ne mutanen sun yi kama da waɗanda take gani a bus, jikinsu ya ji jiki, ba wanda ya iya magana mai daɗi, kuma duk da haka abin yana tafiya. Ta kuma gane wani abu da ta shekara da shekaru ba ta gane ba. Mutanen ƙasar nan ba sa gaisawa sai da dalili. A gida gwaggo ce ke haɗa aure, a nan kare ne. Da ta faɗa wa Mama Celestina haka, tsohuwar ta yi dariya har da tari.

Mama Celestina kan tsayar mata da fim ɗin in lokacinta ya cika, washegari su ci gaba. Sai dai mantuwa ta fara kama tsohuwar. Da zarar an kai wajen da matar ta yi fushi da mai sanƙo ta shige tasi, washegari sai a tarar ta mayar da faifan farko. Anti Sherifa ta ga igiyoyin nan sun harɗe ya fi a ƙirga, ƙarshen kuwa ko sau ɗaya.

Ana cikin haka Inno ta shigo da tata. Inno 'yar Yola ce, tana sayar da turaren wuta, kuma ba ta iya ganin mace zaune ba miji ta yi barci mai daɗi. Ta ce akwai wani a Birmingham, Abdul-Rahim Saaka, mutumin Tamale, matarsa ta rasu. A da shi ne mai kula da ginin wata cibiyar matasa, da aka rufe ta ya koma gadi. Mai salla ne, ba ya shan ko sigari. Inno ta lissafa komai da komai, abu ɗaya kawai ta haɗiye.

Suka fara waya ranar Lahadi bayan la'asar. Mutum ne mai magana a hankali, kuma kullum sai ya tambayi gwiwarta kafin ya tambayi aiki. Sau ɗaya ya zo Manchester, ya ci abinci a flat ɗin da take haya gaban Inno da Raki, ya tashi ya wanke kwanonsa ba wanda ya sa shi. Anti Sherifa ta ji tana son sa, kuma abin ya ba ta tsoro, don ta ɗauka ta gama da wannan babin.

Wata Lahadi suna cikin waya ta ji haushi, ba irin na Biskit ba, haushi mai fitowa daga ƙirji. Ta tambaya ko na maƙwabta ne. Ya ce a'a, Kofur ne, ƙaton karen da suke gadi tare, ya ɗauka Inno ta faɗa mata. Ta ce ya zaɓa, ko ita ko karen.

 Ya ce, “Hajiya, ni da shi muka kwana a sanyi shekara da shekaru. Yanzu ƙugunsa ya gaza, ba ya iya aiki. In na mayar wa kamfani da shi, allurar mutuwa za su yi masa. Yana da ɗakinsa a bayan gida, ba ya shiga inda ake salla. Ki yi haƙuri, ba zan iya ba.”

Ta kashe waya. Ya kira Lahadin da ta biyo baya, da wadda ta biyo bayanta, ba ta ɗaga ba, har ya daina. Matan masallaci suka ce ta yi daidai, ina ita ina gidan kare, har ana gwada ta da dabba. Ta gyaɗa kai ta yarda. Amma duk Lahadi bayan la'asar sai ta rasa inda za ta sa kanta, ta wanke abin da ke wanke, ta share inda ke share.

Da sanyi ya shigo, Mama Celestina ta faɗi a kicin. Bayan asibiti aka yanke shawarar kai ta care home, gidan kula da tsofaffi, can kuma ba a shiga da kare. Ɗan ƙanenta Gamaliel ya zo daga Landan, mutumin kirki amma mai sauri, ya ce zai kai Biskit gidan ajiye karnuka. Kowa ya san ba mai zuwa ɗaukar tsohon kare mai wari a baki.

Ana gobe za a tafi da tsohuwar, Anti Sherifa ba ta da aiki ranar, amma ta je. Ta zauna a kujera, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan, ta riƙe rimot a hannunta, suka kalli fim ɗin tun daga farko. Matar ta shige tasi. Karen mai sanƙo ya kwanta ciwo, mutumin ya ƙi zuwa wajen wani sabon aiki a wani gari don ya yi jinyarsa. Matar ta ji labari, ta zo ta same shi a kan benci cikin yayyafi, ta zauna, ta karɓi igiyar karensa, ya karɓi ta nata. Sai rubutu ya fara hawa. Anti Sherifa ta ce shi ke nan, ko biki babu, ko ɗan kiɗa? Tana faɗa tana share ido da gefen hijabi.

Mama Celestina ba fim ɗin take kallo ba. Hankalinta ya dawo tar, yadda yakan dawo wani lokaci, ta ce, “Sheri, wa zai riƙe mini Biskit?”

“Ni,” in ji Anti Sherifa. Bakinta ne ya riga ta.

A bus ɗin komawa gida ta yi wa kanta faɗa. Masu flat ɗinta sun hana ajiye kare, matan Longsight kuma sun fi masu flat tsanani. A duk Ingila mutum ɗaya ta sani da zai karɓi tsohon kare bai tambayi amfaninsa ba, kuma shi ne wanda ta kashe wa waya. Kunya ta kama ta. Ita da aikinta kullum ganin waɗanda aka ajiye gefe don sun tsufa, ita da aka sallama da layi biyu, ita ce ta ce wa mutum ya yar da abokin wahalarsa don ya nuna yana son ta. Da ya yarda, ai da irin na farkon ta sake samu.

Ta kira shi. Ya ɗaga tun kafin ta shirya abin faɗa. Ta ce, “Malam, ina tafe ran Asabar. Ba ni kaɗai ba ce.” Ta kashe kafin muryarta ta tona ta.

Ran Asabar aka ga abin da ba a taɓa gani ba, Anti Sherifa cikin hijabinta ruwan toka, da safar hannun aiki ta roba, tana jan kare a Stockport Road. Saudatu mai ɗinki ta hango ta a tashar bus ta saki baki. Anti Sherifa ta riga ta gaisuwa, ta tambayi yara da maigida ɗaya bayan ɗaya, ta hau bus ɗinta. Daga tashar Piccadilly ta Manchester zuwa New Street ta Birmingham kuwa, gaisuwar da ta samu a jirgin ta fi wadda ta samu tun zuwanta ƙasar. Tsoho, budurwa, mai duba tikiti, kowa sai ya sunkuya ya tambayi sunan karen da shekarunsa. Ba wanda ya tambayi nata, kuma ba ta ji haushi ba.

Abdul-Rahim ya ɗauka da manyanta za ta zo. Ya sa kaftani mai sitaci da hula, ya dafa tuwon da zai ishi mutum biyar. Da ya buɗe ƙofa sai ya leƙa bayanta yana neman dattijo, bai ga kowa ba. Sannan ya dubi ƙasa. Ya daɗe yana kallon Biskit, ya durƙusa a hankali da kaftaninsa.

“Yaya sunansa?” ya ce.

Dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa bango. Bai san abin da ya faɗa ba, ita kuma ba ta da numfashin yi masa bayani.

Suka zaga bayan gida. Igiya ba ta harɗe ba kamar a fim. Kofur yana kwance a kan tsohon bargo, ya ɗaga kai, ya shinshina baƙon, ya mayar da kai ya ci gaba da barcinsa. Biskit ya ji daɗin wurin, ya juyo ya lashi Anti Sherifa a idon sawu, daidai inda safa ta zame. Ta ce a'uzubillahi, ta fara lalube a jaka.

Abdul-Rahim ya nuna mata gindin famfon waje. Sabon bokiti ne mai murfi, cike da yashi tankaɗaɗɗe, da buta da sabulu a gefe. Ya ce ranar da ya ci abinci a gidanta ya ga robar a jakarta, ya tambayi Inno, a makon ya sayo.

“To, da na daina ɗaga waya fa?”

“Yashi ba ya ruɓewa, Hajiya.”

Ta yi wankinta bakwai cif, ɗaya da yashinsa, yana tsaye can nesa ya juya baya. Suka ci tuwo a falo ƙofa a buɗe, ta ce miyar ta yi gishiri, ya ce haka ne. Ta gindaya masa cewa ko kusa da kicin kada kare ya zo, kuma duk wata sai a kai Biskit ya ga uwar ɗakinsa ko ta taga ce. Ya ce ya ji.

Bayan la'asar ta tashi don kada jirgi ya bar ta. Ta kai bakin titi ke nan ya biyo ta da sauri, yana cewa ta manta robarta a kan taga.

“Ban manta ba, Malam,” ta ce.

Bus ya tsaya, ta rataya jakarta da hannu ɗaya ta hau.