Ƙofar Kawu da Ragon Bawku

Shekarar da kawuna ya dawo daga Hajji ya ce ƙofar katakon da ke zaurensa ta yi masa kaɗan. Ɗan kasuwar doya ne a Yendi, mai son a san ya samu. Ni kuwa ina koyar da kimiyya a wata makaranta a Salaga, hutu ne kawai ke kawo ni gidansa.

Ina nan mai walda ya kawo sabuwar ƙofar ƙarfe, ganye biyu, da wata da tauraro a samanta. Ya ce, "Alhaji, a bar ni in kankare ta, in shafa mata jan fenti na ƙasa tukuna. Shi ke hana tsatsa."

"Wa zai ga jan?" in ji Kawu.

"Ba mai gani, Alhaji. A ƙarƙashi yake."

"To ni ba na ado a inda ido ba ya kaiwa. Sa mata kore."

Na sa baki. Na ce, "Kawu, ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska sai ya ci kansa. In ba ka son wahala, a yi ta alminiyom. Shi ma iska na kama shi, har ya fi ƙarfe saurin kamuwa, amma nan take yake yin wata 'yar fata da ke rufe shi, shi ke nan."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Alminiyom? Na tukunyar waken matata? Ɗana, an kai ka makaranta ne don ka sa ni rufe gida da murfin tukunya?"

Damina biyu aka yi, fentin ya fara kumbura kamar ƙuraje. Kowace Sallah Kawu ya sa a ƙara wani kore a kai, ba tare da an kankare ba. Ƙofa ta yi ta ƙiba daga waje, tana ramewa daga ciki. Ƙasanta ya cinye har kaji suka samu hanya, daga baya awaki. Bai hana Kawu danna mata ƙaton kwaɗo ya rataya makulli a wuya ba.

A shekara ta biyar ya aika Bawku aka sayo masa ragon layya, fari, ƙahonsa ya yi nadi biyu. Matarsa ta ce a kai shi bayan gida gindin mangwaro. Kawu ya ce rago irin wannan ba a ɓoye shi. Da hannunsa ya ɗaure shi a jikin ƙofa, ta bakin titi, ya sa kujera ya zauna yana amsa barka.

Bayan la'asar, jajibirin Sallah, wani ya wuce da tunkiya. Rago ya ja sau ɗaya, ya sake ja. Sai ji muka yi ƙwaram! Ganyen ƙofa ya rabu da bango, jan garin tsatsa ya tashi, rago ya miƙe titi yana jan wata da tauraro a ƙasa. Kawu ya bi shi da takalmi ɗaya, ni ina biye da ɗayan. Sai kusa da masallaci ƙofar ta maƙale a kwata, muka kama shi. Jama'ar da ba ta zo ganin rago ba duk ta gan shi ranar.

Da muka dawo na ɗauki wani guntun ƙofar na murmushe shi da yatsa a gabansa. 

"Bakin mutane ne," in ji Kawu.

Gidan ya yi wata uku da labulen buhu. Da aka kafa sabuwar ƙofa ba na nan. Matarsa ce ta aiko mini Salaga cewa ya tsaya a kan mai walda kwana biyu har sai da aka shafa mata jan fentin nan, kuma yanzu duk Juma'a shi da kansa ke ɗiga wa maratayan ƙofar baƙin mai da gashin kaza, yana faɗa wa maƙwabta wai dabarar a Makka ya gano ta.