Zabuwar da Ta Ƙirga Shida

A ƙauyenmu da ke gefen kanal ɗin ban-ruwa, tsakanin Kura da Bunkure, in an gama girbin shinkafa hannu yakan ɗan sarara. Da an ci tuwon magariba, mu jikoki sai mu taru a ƙofar ɗakin kakarmu Iya Dije. Ta hura wutar kara, ta tura dankali cikin toka. Ni maigida take kirana, wai maigidan da bai iya komai ba sai ci.

Sai dai Iya ba ta fara tatsuniya sai ta yi mana tambayoyinta.

"In wuta ta tashi a gidan nan, ina za ku?"

"Gindin mangwaron bakin hanya!"

"Wa zai ɓuya?"

"Babu!"

Gaskiya abin yana ba ni haushi. Dankali na ƙamshi, ita tana ta maimaita abin da muka haddace tuntuni. Sai mun amsa da ƙarfi take gyara zama, ta ce, "To, ga ta nan ta iso, ku matso."

Akwai wadda ta fi yi mana, ta wata zabuwa mai 'ya'ya bakwai da ke zaune cikin tarin kara. Wata rana wuta ta kama karan, kowa ya yi ta kansa. 'Ya'ya shida suka bi uwarsu fili. Autar kuwa tsoro ya kai ta ƙarƙashin wani dutse, ta lafe, ta yi shiru. Uwa ta ƙirga, shida. Ta sake ƙirgawa, shida. Ta yi kira, babu amsa, sai ta juya ta koma cikin wutar. Da komai ya lafa autar ta fito, ko gashi ɗaya bai ƙone mata ba, tana tambayar ina uwarsu.

Nan tatsuniyar take tsayawa. Mukan yi ta ƙorafi. Na taɓa ce mata, "Haba Iya, ki fito da uwar mana, ko sau ɗaya!"

Ta ce, "Maigida, da ana iyawa da na fito da ita tuntuni. Ci dankalinka."

Sai ranar sadakar ukunta, ina da aure har da 'ya'ya biyu, mahaifina ya zaunar da ni ya faɗa mini. Tun kafin a haƙa kanal, Iya tana 'yar shekara shida, rufin ciyawar ɗakinsu ya kama da wuta. Ta fice da gudu ta shige ƙarƙashin rumbun maƙwabta. Tana jin mahaifiyarta na kwala mata kira, tsoro ya hana ta amsawa. Mahaifiyar ta koma ɗakin nemanta, ba ta fito ba.

Na yi kuka ranar fiye da ranar da aka binne ta. Shekara da shekaru tana faɗa mana abin da ke cin ta, mu muna jiran dankali.

Yanzu ni manomin tumatir ne. Jarkar fetur ɗin injin ban-ruwa da nake ajewa a bayan ƙofa a da, na gina mata wuri can nesa da madafa. Na nuna wa iyalina inda za mu haɗu in wani abu ya faru, kuma duk wanda aka kira sunansa ya amsa, ko da laifi ya yi. Yarana suna gunaguni kamar yadda na yi, ban damu ba.

Ina yi musu tatsuniyar zabuwa, ban kuma fito da uwar ba. Abu ɗaya na ƙara a ƙarshe, wanda nake jin ba wanda ya taɓa faɗa wa Iya har ta koma ga Allah: autar ba ta da laifi. Yarinya ce, ba a taɓa gaya mata inda za ta tsaya ba.