Inuwar da ke Bangon Ɗakin Inna

A Morai, idan an idar da sallar isha'i, ɗakin kakata Inna muke taruwa. Aci-balbal guda gare ta, a ƙasa take ajiye ta. Harshen wutar ba ya tsayawa wuri ɗaya, saboda haka komai na ɗakin inuwarsa motsi take: jeren kwanuka, tulu, da wata tsohuwar riga da ke rataye a ƙusa. Kullum bango Inna take fuskanta. Ba mu taɓa tambayar dalili ba.

"Ga ta nan tafe gare ku," in ji ta. Mu ce ta iso mu ji.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wata mata a dajin Maradun, wadda ruwa ya ci mijinta. Duk daren da ta kunna 'yar fitilarta, sai inuwarsa ta zo ta tsaya jikin bango tana numfashi. Ba magana, ba fuska. Ran nan son ganin fuskarsa ya dame ta, ta aro fitilun maƙwabta duka ta kunna. Ɗaki ya haske har lungu. Inuwa ta rasa wurin tsayawa, ba ta sake zuwa ba.

"Ina ta tafi, Inna?" na taɓa tambaya.

"Mi kaka yi da sani, mijin banza? Tashi ka kwanta."

Na girma, na sami aikin koyarwa a Bakura. Tari ya kama Inna, a asibiti aka ce hayaƙi ne ke cin ƙirjinta. Na sayo mata fitilar sola a kasuwar Mafara. Mai shagon ya yi mini bayani: faifan da ake ɗorawa kan rufi yana tara hasken rana a batir, ƙwan kuma ba ya ƙona komai, ba zafi, ba hayaƙi, wuta kaɗan yake ci. Na rataya ta tsakiyar ɗaki, na ɓoye aci-balbal a rumbu.

Inna ta daɗe tana duban bango.

"Wagga hitila taka ba ta ƙyafta ido," ta ce. "Maido min tawa."

"Lafiyarki nake so, Inna."

"Na sani."

Tarin ya ragu, gaskiya. Tatsuniya kuma ta ɗauke. Damina biyu ta ƙara, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan addu'ar bakwai na ciro aci-balbal, na kunna ta inda aka saba ajiye ta, na zauna a tabarmar Inna. Sai ga inuwar rigar nan a bango, doguwa, mai kafaɗu, tana hawa tana sauka kamar ƙirjin mai barci. Rigar mahaifina ce, ɗanta guda, wanda ya rasu ina goye.

Har yau sola nake kunna wa 'ya'yana, kuma ban yi nadamar sauƙin da Inna ta samu ba. Amma labarin nan ta yi ta ba ni shi tun ina yaro. Ban gane ba, sai da ni na zama maƙwabcin da ya kawo fitila.