Kwaɓin Kawu Ba Ya Jira

Kawuna magini ne, ko shayi yake haɗawa sai ka rantse siminti yake kwaɓawa. Tun yana saurayi maigidansa ya dasa masa doka ɗaya a ka: kwaɓi ba ya jira, ka bar shi ya sha iska ya daskare, ka yi asara. Da dokar nan ya tsufa. Ko abinci a tsaye yake ci.

Da hannun matarsa, Inna, ya shanye, sai ta daina cin abin kirki. Ba abin da ranta ke so sai burodin kasko mai laushi, irin wanda ta saba yi da kanta. Na ce zan riƙa zuwa ina yi mata. Kawu ya harare ni.

"Fulawa da ruwa da gishiri? Ni da na ɗora bene?"

To fa! Ya tara fulawa a kan tebur, ya yi rami a tsakiya, ya tuttula ruwa, ya cakuɗa da cokalin gini. Wai ya wanke shi. Yana gama kwaɓawa sai murzawa, sai kasko. Kwaɓin yana tsukewa, shi kuma yana bin sa da kwalbar da yake murzawa da ita yana zagi. Abin da ya fito, wallahi da an jera shi a banɗaki ba mai cewa ba tayil ba ne. Kyanwar gidan ma ta shinshina ta yi gaba.

Inna ta ce daga ɗaki, "Malam, ka rufe kwaɓin ya huta."

"Ya huta? Wane aikin ya yi?"

Ya ƙara mai, ya canza kasko, ya je ya yi wa mai shago masifa a kan fulawa. Inna kuwa sai ramewa take yi, har zobenta yana zamewa. Ni abin ya daina ba ni dariya, haushi kamar in fashe.

Wata safiya ya gama kwaɓi ke nan, Inna ta ƙwala kira, "Wayyo hannuna! Malam, zo ka matsa mini." Ya kifa kwano a kan kwaɓin ya ruga. Da ya yunƙura zai tashi sai ta ce, "Nan ma, nan ma." Yana matsawa yana leƙen ƙofa yana ƙunƙuni, "Shi ke nan, ya daskare."

Da ya koma ya ɗaga kwanon, kwaɓi ya yi laushi lis, yana bin hannu. Ya murza, bai tsuke ba. Ya sa a kasko, ya kumburo. Kawu ya ja da baya yana salati. Inna ta naɗe guda ta cinye tas, ta nemi ƙari.

Yanzu kowace safiya sai ya kifa kwanonsa ya je ya zauna kusa da ita, yana mita wai ana ɓata masa lokaci.

Rannan na raɗa mata, "Inna, ai hannun mai lafiyar na ga yana matsa miki."

Ta ce, "Yo wancan ai ba ya jin komai. Tun da aka kawo ni gidan nan nake jira mutumin nan ya zauna, kuma sai in miƙa masa hannun da ba zan ji ba?"