Gauraka Biyu a Bayan Gonakin Tattasai

Kukansu na fara ji kafin in gan su, murya mai kauri kamar ana busa ƙaho a cikin tulu. Muna tsaye bakin wani tabki a bayan gonakin tattasai na Gagamari, ni da tsohon makaɗinmu, wanda rikici ya koro daga Bosso da gangarsa kaɗai. Baba muke ce masa. Ya nuna min su da haɓa. Gauraka biyu ne, mace da namiji, suna taka ruwa a hankali da tukkunsu ruwan zinariya.

"Da ina yaro ba su ƙirguwa," in ji shi. "Yanzu ko wanda bai je lakwal ya koyi lissafi ba ya ƙirga."

Shekarar da na gama lise, wato sakandare, na shiga wata ƙaramar ƙungiya mai yawon ƙauyukan bakin kogin Komadugu da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, don a ƙyale namun daji. Ni aka ba rubuta waƙar gauraka, ni ce kuma mai rawarta. Tsoronmu shi ne masu kama su, su datse musu fiffike, su sayar wa attajirai don adon tsakar gida. Waɗannan biyun muke so su tsira.

Waƙar da na fara rubutawa duk gajimare ce da inuwa a kan ruwa. Baba ya saurara, ya ajiye gangarsa.

"'Yata, wa kike yabo? Ina gidansu?"

"Tsuntsu ne fa, Baba."

"Tsuntsu ba shi da gida? Ki yabi mutum ba ki faɗi garinsu ba? In na yi wa mai gari haka, ko goro ba zan gani ba."

Na yi dariya, na gyara. Na saka tabkin, na saka gonakin tattasai, har goribar nan mai kai uku da ke bakin ruwa. Sai waƙar ta hau kiɗa daram.

Wata biyu muna yawo a bayan kamiyo, motar ɗaukar kaya. Tukkun da na saƙa da kaba yana cin goshina, ƙafafuna suna kumbura. Kusan kowane gari sai wata ta ja zanena ta ce, "Yarinya, bayan rawar za a raba shinkafa?" In na ce a'a, rabin taron ya watse. Ban ga laifinsu ba. Na dai gaji da ɗaga hannuwa kamar fiffike a gaban masu jin yunwa.

Wasan ƙarshe a Diffa muka yi, kusa da kasuwa. Wani alhaji mai shaguna ya tsaya har aka gama, ya ce, "Malama, maimaita min baitin nan na gidansu." Na maimaita sau biyu, raina fes, don shi kaɗai ya taɓa neman ƙari. Washegari ya aiko min da turmin atamfa.

Bayan damina muka koma tabkin, babu su. Baba ya ce ƙarar injin ban ruwa ce ta kore su. Na yarda, don ba ni da ƙarfin neman wani dalili. Na bar ƙungiyar, na kama koyarwa a Diffa. Wasu safiyoyin, ina shara, nakan ji kukan nan can nesa a cikin gari, in ce zuciyata ce take yi min gizo.

Sai bayan shekara shida na shiga wani gidan suna, layi uku daga namu, na ga gauraka ɗaya tsaye gefen rijiya da guntun fiffike. Uwargidan ta ce ai biyu ne, macen ta mutu tun shekarar farko. Ta ce Alhaji bai sha wahalar nemansu ba, a wata waƙa ya ji kwatancen wurin, har da goriba mai kai uku.