Kayen Mai Dakon Ƙwai

A rumbun ƙwai da ke bayan tashar manyan motoci ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Lallaɓau ake ce masa, shi ma ya daɗe da daina musu. Aikinsa sauke kiret-kiret na ƙwai daga mota zuwa cikin rumbu. Yakan jera su daga cibiya har haɓa, ya tako a hankali, ya durƙusa, ya ajiye kamar mai kwantar da jariri. Mai rumbun ya ce tun da ya ɗauke shi aiki bai taɓa jin ƙarar fashewa daga hannunsa ba.

Ƙwai iri ɗaya ne kawai Lallaɓau ba ya raga wa, wato baragurbi. In ya girgiza ƙwai a kunne ya ji ruwa na kai-kawo, nan take fuskarsa ke canzawa. Sai ya zagaya bayan rumbu, ya ja hannu baya, ya maka shi a ramin shara kamar sun daɗe da gaba. Ko a gida haka yake yi, matarsa ta sha gani.

Ya fara judo ne bayan furfura ta soma leƙowa. Ciwon baya ya dame shi, wani direba ya ce masa akwai ɗakin motsa jiki a saman wani shagon taya. Ya hau, ya tarar da mutane cikin fararen riguna masu kauri suna rusuna wa juna, sa'an nan su kayar da juna, su tashi su sake rusunawa. Ya ce rusunawar ce ta burge shi.

Kocin wurin gajere ne mai kaurin wuya, kuma ba ya yabon mutum da arha. Amma a kan Lallaɓau cewa ya yi: "Kayen ƙugu ba wuya a baki. Ka jawo mutum har ya taho kan yatsun ƙafarsa, ka juya masa baya, ka sauke gwiwa, ka ɗora shi a ƙugu, ka miƙe. Duk wannan daga wurin aiki ya zo da shi. Ɗagawa ba ni da abin koya masa. Saukewa ce bala'in."

A gasa, alƙalin wasa ba ya ba da cikakken maki sai an kai mutum ƙasa da bayansa, da sauri, da ƙarfi. Shi kuwa Lallaɓau, da zarar ƙafafun abokin karawa sun bar ƙasa sai ya rage gudu. Hannunsa ɗaya ya lallaɓa ya tallabi ƙeyar mutumin, idonsa na neman wuri mai kyau a katifa. Kafin ya zaɓa, mutumin ya murɗe kamar kyanwa ya dira da ciki, ya tashi, ya share masa ƙafa. Akwai wanda ya rantse ya ji shi yana cewa "yi haƙuri" tun ana sama.

"Sake shi!" in ji Koci. "Ba kayan maigidanka ba ne!"

"Koci, ɗan wani ne fa."

"Shi da ya nana ka da ƙasa wancan karon, kai daga bishiya ka faɗo?"

Dokar ƙungiyar ita ce ba a ɗaura wa kowa baƙar ɗamara sai ya ci wasa a gasa da kaye mai tsabta. Waɗanda suka same shi a ɗakin sun ɗaura sun wuce. Tasa mai ruwan ƙasa ta koɗe har ba a gane launinta.

Matarsa tela ce, kuma ita ke wanke rigar. Riga ce mai shanye bokiti guda, ta tsinka igiyar shanya, ta ƙi bushewa. Ana saura kwanaki a yi gasar manya, ta shimfiɗa ta a kan teburin ɗinki, ta juya cikinta, ta zana layuka da alli.

"Mene ne wannan?"

"Nan tsumman sauke tukunya. Nan na goge ƙafa a bakin ƙofa. Hannuwan ban yanke shawara ba tukuna." Ta ajiye allin. "Baban yara, na gaji da wankin rigar da bayanta kaɗai ke datti. In ka dawo wannan karon ba baƙar ɗamara, almakashi zai shiga."

Ya san ta. In ta zana, tana yankawa.

A babban ɗakin taron wata makaranta aka yi gasar, fankoki na juyawa, kujerun roba kewaye da katifa. Ranar ce karon farko da matarsa ta zo kallo. Ta zauna a layin gaba kusa da wata dattijuwa, ta ɗora jaka a cinya, ta bar kunnuwan almakashin a waje inda zai iya hangowa.

Aka haɗa shi da wani makaniki mai faɗin ƙirji. Suka rusuna, suka kama wuyan rigar juna, suka yi ta ja da turawa. Can Lallaɓau ya sami shiga, ya juya, ya ɗaga makanikin cak. 'Yan kallo suka miƙe. Sai ga hannun nan ya nufi ƙeya. Makanikin ya murɗe ya dira da ciki. Koci ya rufe fuska da tawul.

Matar ta saki baki. Shekarun nan duk ta ɗauka ƙarfi ne mijinta ba shi da shi. "Au," ta ce, "ashe nan ma aiki yake zuwa yi."

Lokaci ya kusa ƙarewa da ya sake samun shiga. Ya jawo, ya juya, ya sauke gwiwa, makanikin ya sake barin ƙasa. Ta ga kafaɗar mijinta ta fara laushi. Ta miƙe tsaye, da muryar da take kiran yara daga ƙarshen layi:

"Baban yara! Baragurbi ne!"

Waɗanda ke sayen ruwa a waje sun ce sun ji ƙarar. Makanikin ya sauka da bayansa gaba ɗaya, alƙalin wasa ya ɗaga hannu sama, alamar cikakken maki. Lallaɓau ya tsaya yana kallon tafukansa, sa'an nan ya durƙusa da sauri.

"Ɗan'uwa, ba ka dai fashe ba?"

Sai da alƙalin ya kore shi zuwa layinsa don su rusuna. Makanikin ya tashi yana dafe ƙugu yana dariya.

A layin gaba kuwa ba a yi dariya ba. Dattijuwar ta juyo a hankali.

"'Yar nan, ɗan wa kika kira baragurbi?"

"Mama, naki ne? Wallahi ki yi haƙuri, maganar wurin aiki ce."

"Wurin aikin wa? Ni na goya shi, na yaye shi, na aurar da shi, ban taɓa jin ya yi ɗoyi ba. Sai yau a bakinki."

Bikon ya fi wasan tsawo. Sai da telar ta durƙusa har ƙasa, ta kuma yi alkawarin gyara wa dattijuwar wuyan riga, kafin aka sake ta.

A wasa na biyu an kayar da Lallaɓau, domin wannan karon matarsa ta leƙa hagu da dama ta ga dangin abokin karawar sun cika layin, ta kama bakinta. Bai dame shi ba, doka kaye ɗaya ta ce. Koci ya fito da baƙar ɗamara daga jakarsa, sabuwa, an naɗe ta an ɗaure da zare mai tauri. Ya ja da yatsa, ya gwada da haƙori, zaren ya ƙi. Matar ta miƙo almakashi.

Rigar tana nan, har yanzu ana iya ganin ragowar allin a cikinta. Telar ta ce ba ta goge ba, don kada a manta. Ta ƙara igiya ta biyu a tsakar gida, tana kuma mita fiye da da, tunda yanzu gaba da baya ke datti.

A rumbu, labarin ya riga shi isa. Mai rumbun ya tara direbobi ya kafa doka: duk wanda ya furta kalmar nan alhali Lallaɓau na ɗauke da kiret, ya nemi wani wurin sauke kaya.